Tsawon Wayar Garmaho: Yadda Yake Taɓa Sauti da Yadda Za Ka Daidaita Shi

Yawanci haka matsalar take farawa. An samar wa garmaho wuri mai kyau, a kan teburi mai nauyi da ba ya girgiza, sai ga amfilifaya can ɗaya gefen ɗakin. Wayar da ta zo da garmahon ba ta wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, don haka a nemo wayar RCA, irin wayar sauti mai fulogi biyu na hagu da dama, mai mita uku ko biyar a jona. Da an ɗora allura a faifai, sauti ya fito da ƙarfinsa kamar da. Amma harafin "s" a bakin mawaƙi ya fara sukar kunne, farantan ƙarfe na makaɗi sun rasa sheƙinsu, kuma tsakanin waƙa da waƙa ana jin wani gurnani ƙasa-ƙasa. Da na'urar CD aka yi wa wannan ƙarin, kunne ba zai kama komai ba. A garmaho kuwa, wayar da ke tsakanin kan allura da akwatin fono tana cikin abin da ke tsara sautin, kusan kamar yadda kan allurar yake.

Abin da ke bi ta cikin wayar

Kan allura, wato ɗan akwatin da ke bakin hannun garmaho, ƙaramin janareta ne. Irin da ya fi yawa shi ne MM, wanda maganaɗisu ke motsi a cikinsa kusa da naɗin waya, kuma yana ba da kamar milibolt 3 zuwa 6. Ɗaya irin, MC, naɗin wayar ne ke motsi, kuma mafi yawansu ba su wuce milibolt 0.2 zuwa 0.5 ba. Na'urar CD tana ba da kusan bolt 2. Shi ya sa dole siginar garmaho ta bi ta akwatin fono, ƙaramar amfilifayar da ke ninka ta kamar sau 100 ga MM, sau 1000 ga MC. Wani lokaci akwatin nan na'ura ce mai zaman kanta, wani lokaci yana cikin babbar amfilifaya a bayan kafar da aka rubuta wa PHONO, wani lokaci kuma an dasa shi cikin garmahon.

Duk abin da ya shiga waya kafin akwatin fono, da shi za a ninka. Ka riƙe wannan.

Abin da mutane suka fi tsoro, wato siginar ta "gaji" a hanya, shi ne mafi ƙarancin damuwa. Turjiya ita ce yadda waya ke tare wa lantarki hanya, ana auna ta da om, kuma ta mita biyar na waya mai kyau ba ta kai om 1 ba, alhali kafar MM tana da turjiyar om 47,000. Ƙarfin sauti ba ya raguwa. Ɓarnar daga wasu wurare biyu take zuwa: kafasitans da gurnani.

Kafasitans da tozon sauti

Idan ka yanka wayar RCA za ka ga siririn jan ƙarfe a tsakiya, sai roba, sai saƙar jan ƙarfe da ta kewaye su, wadda ita ce garkuwa. Ƙarafa biyu da roba a tsakaninsu suna riƙe ɗan caji, kuma wannan riƙon shi ake kira kafasitans, ana auna shi da pikofarad, a taƙaice pF. Yana ƙaruwa daidai da tsawo: ninka tsawon waya, ka ninka shi. Wayar da aka yi musamman don garmaho tana da kamar 50 zuwa 70 pF a kowace mita. Wayoyin RCA na yau da kullum sukan kai 100 zuwa 150 pF, wasu sirara ma su zarce.

Shi kuma kan allura na MM yana da naɗin waya mai dubban zagaye, don haka indaktans ɗinsa, wato yadda naɗin ke jinkirta sauyin lantarki, wanda ake aunawa da henri, babba ne, kusan rabin henri. Audio-Technica AT-VM95E yana da milihenri 550, Ortofon 2M Red yana da 700. Indaktans da kafasitans idan suka haɗu sai su yi amo a wani mataki na sauti. A daidai wurin sauti yana tashi ya yi tozo, daga nan zuwa sama kuma ya gangara da sauri, desibel 12 (ma'aunin ƙarfin sauti) a duk ninkin mataki. Wurin da tozon zai faɗa ana samunsa da wannan lissafi: f = 1 ÷ (2π × √(L × C)), inda f shi ne matakin sautin, L indaktans, C kuma kafasitans.

Mu ɗauki kan allura mai rabin henri a kan om 47,000. Idan jimillar kafasitans 150 pF ce, amon yana wajen 18 kHz, wato kaɗawa dubu 18 a daƙiƙa, can ƙarshen abin da kunne ke ji, kuma turjiyar kafar ta danne shi har kusan babu tozo. A 300 pF ya sauko zuwa 13 kHz, tozon ya kai kamar desibel 2. A 600 pF yana wajen 9 kHz, tozon ya haura desibel 4, kuma kafin a kai 20 kHz sauti ya faɗi da kusan desibel 12. Wannan lissafin ɓangaren lantarki ne kawai. Allurar da sandarta suna da nasu amon, wanda masu ƙera kan allura ke haɗawa da na lantarki don su samu sauti miƙaƙƙe, shi ya sa kowane kamfani yake faɗin adadin pF da kansa ke so.

A nan ne mutane ke ruɗewa. Wani ya ce doguwar waya ta sa sautinsa ya yi kaifi, wani ya ce ta sa ya dushe, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Tozon da ya sauko wajen 8 zuwa 10 kHz shi ne kaifin da ke sa "s" da "sh" su yi tsini, kuma yana fito da ƙaiƙayin faifai, ƙas-ƙas ɗin ƙura da tsaga, fiye da kima. Gangaren da ke bayansa shi ne dushewar: wannan iskar da ke bin ƙarar farantan ƙarfe, da amon ɗakin da aka ɗauki waƙar, su ne ke ɓacewa. Sauti ya zama mai tsawa a gaba, rufaffe a sama.

Kada kuma a ɗauka cewa iya ƙarancin kafasitans iya kyau. Tsohon Shure V15 Type III an tsara shi ne a kan 400 zuwa 500 pF, idan ka ba shi 120 pF ba za ka ji shi yadda aka nufa ba. Abin nema shi ne ka faɗa cikin tazarar da kamfanin ya bayar.

Idan kan allurarka MC ne

Naɗin MC 'yan zagaye kaɗan ne, indaktans ɗinsa dubban ninki ƙasa da na MM, don haka amonsa yana can nesa sama da jin ɗan adam. Ƙarin 200 ko 300 pF ba zai sauya launin sautinsa ba. Haka su ma kawunan Grado, masu indaktans kaɗan, ba su cika damuwa da kafasitans ba. Sai dai MC yana biya ta wata hanyar: siginar Denon DL-103 milibolt 0.3 ce, duk ɗan gurnanin da waya ta kwaso za a ninka shi sau dubu.

Mai amfani da tiransifomar ɗaga sigina, irin 1:10, ya lura da wannan: wayar da ta fi hatsari ita ce wadda ta fito daga tiransifoma zuwa akwatin fono. A wannan gefen turjiyar da'irar ta ninku sau ɗari, kafasitans ya dawo da tasirinsa, gurnani ma ya fi samun shiga. Rabin mita ya isa, kada ta wuce mita ɗaya.

Gurnani

Wutar gida tana kaɗawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa, gwargwadon ƙasar da kake. Kowace wayar wuta da kowace tiransifoma tana watsa wannan kaɗawar a kewayenta, doguwar waya kuma tana da ƙarin jikin da zai kwasa. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne ma'aunin RIAA, wanda ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka ta tsayar a 1954. Lokacin yanka faifai ana rage sauti mai kauri, ana ƙara siriri, sai akwatin fono ya juya abin: ya ɗaga mai kauri da kusan desibel 20 a 20 Hz, ya sauke siriri da kusan haka a 20 kHz. A 50 Hz ɗagawar ta kai kamar desibel 17, wato ninki bakwai a kan ninkin da aka riga aka yi. Gurnanin wuta ya faɗa daidai inda akwatin ya fi ƙara ƙarfi.

Mataki na farko: tara lissafinka

Nemo takardar kan allurarka ka ga adadin da yake so. Audio-Technica tana ba da 100 zuwa 200 pF ga kawunanta na MM. Ortofon tana ba da 150 zuwa 300 pF ga jerin 2M. Wannan adadin jimilla ne, kuma abubuwa uku ake haɗawa: siraran wayoyin cikin hannun garmaho, kamar 20 zuwa 40 pF, sai wayar RCA, sai kafasitans ɗin da ke cikin kafar akwatin fono, wanda yawanci 100 pF ne, a wasu 47, a wasu har 220.

Misali: hannu 30, waya mai mita 1.2 a kan 80 pF kowace mita ta ba da 96, akwati 100. Jimilla 226 pF. Ga 2M wannan ya zauna daidai. Ga Audio-Technica an riga an ɗan haura, ba a ma ƙara ko taku ɗaya ba. Yanzu jona mita 3 na waya mai 120 pF: ƙarin 360, jimilla 586 pF. Ka dawo kan misalin 9 kHz ɗin can na sama.

Daga nan za ka iya fitar da iyakar tsawonka da kanka. Cire na hannu da na akwati daga iyakar kan allura, abin da ya rage ka raba da pF ɗin kowace mita. Ga kai mai iyakar 300, da hannu 30 da akwati 100, saura 170. Da waya mai 60 pF za ka iya kai mita 2.8 a takarda, da mai 120 pF mita 1.4 kacal. A aikace, saboda gurnani, mita 1 zuwa 1.5 ita ce tazarar da ta fi kwanciyar hankali, kuma mita 2 ita ce inda ya kamata a tsaya a nemi wata dabara.

Mataki na biyu: auna, kada ka yi zato

Wayoyi da yawa ba a rubuta kafasitans ɗinsu ba, har da masu tsada. Maltimita, wato na'urar awon lantarki, mai auna kafasitans za ta gaya maka.

1. Zare wayar daga ɓangarorin biyu. Idan a manne take da garmahon, cire mazaunin kan allura gaba ɗaya, ko ka zare siraran wayoyi huɗu na bayansa da ɗan hantsaki, kana riƙe ƙarfen bakin, ba wayar ba. Kada ka auna da kan allura a haɗe: adadin zai fito ƙarya, kuma ba a so a tura wutar mita cikin naɗin.
2. Sa maltimita a mafi ƙanƙantar ma'auni. Bar sandunanta a sake ba su taɓa komai ba, ka danna REL don a cire nasu kafasitans ɗin. In babu wannan maɓallin, rubuta adadin ka cire da hannu.
3. Ɗora sanda ɗaya a kan tsinken tsakiyar fulogin, ɗaya a kan zoben waje. Kada yatsunka su taɓa ƙarfen.
4. Auna hagu da dama. Ya kamata su zo kusan ɗaya. Bambanci mai yawa alama ce ta waya da ta murƙushe ko dalma da ta saki.

Idan ta hanyar garmahon ka auna, adadin ya riga ya haɗa da na hannu, sai ka ƙara na akwati kawai. Lokacin mayar da siraran wayoyin: fari hagu, shuɗi ƙasan hagu, ja dama, kore ƙasan dama.

Mataki na uku: gyara jimillar

Idan akwatin fono yana da maɓallan zaɓen pF, aiki ya yi sauƙi. Ka tuna dai adadin da ke jikin maɓallin ƙari ne a kan na waya. Mai son jimillar 200 da ke da 130 a waya da hannu, 47 ko abin da ya fi kusa da 70 zai zaɓa. Sa maɓallin a 200 kuskure ne da ake yawan yi.

In babu maɓalli, sai canjin waya. Nemi wadda aka rubuta pF ɗinta ƙarara, ƙasa da 70 a mita, mai saƙaƙƙiyar garkuwa da ta rufe kashi 90 cikin ɗari ko fiye. Wayar bidiyo mai om 75, irin RG-59 mai garkuwar jan ƙarfe, tana wajen 55 zuwa 70 pF a mita, kuma tana aiki sosai a nan in ka iya liƙa mata fulogi da dalma. Kaurin roba da ruwan zinaren fulogi ba sa gaya maka komai game da kafasitans. Wasu wayoyin da aka yi wa saƙa ta ƙawa ba su da garkuwa ko kaɗan, waɗannan ba na garmaho ba ne.

Guji haɗa waya da waya da ɗan bututun jonawa. Kowace mahaɗa wuri ne da tsatsa za ta kama, garkuwa ta yi rauni, ga sigina 'yar milibolt. Waya ɗaya miƙaƙƙiya ta fi biyu a jone. Idan garmahonka irin mai manannen waya ne, kamar Technics SL-1200MK2, kuma wayar lafiyarta lau, bar ta yadda take.

Akwai kuma masu garmaho mai rataye a kan sifirin, irin Linn Sondek LP12 ko Thorens TD 160. A wurinsu taurin waya ma magana ce. Waya mai kauri tana riƙe sashen da ke ɗauke da hannu da farantin da faifai ke hawa, ta hana shi lilo yadda aka tsara, girgizar teburi kuma ta bi ta jikinta ta hau. Bayan canjin waya danna tsakiyar farantin a hankali ka saki: ya kamata ya yi sama da ƙasa a miƙe, ba ya karkata gefe.

Mataki na huɗu: idan nisan ya zama dole

Wannan ita ce mafita ta gaskiya, kuma ta fi kowace waya mai tsada. Kawo akwatin fono kusa da garmaho, ka bar gajeriyar wayar a tsakaninsu, sannan ka ja doguwar daga akwatin zuwa amfilifaya. Bayan akwati siginar ta kai ɗaruruwan milibolt, kuma turjiyar fitarta 'yan ɗaruruwan om ce, babu wani babban indaktans. Ɗauki om 500 da mita 5 na waya mai 100 pF: sai an haura 600 kHz kafin sauti ya fara gangara, ninki talatin sama da iyakar kunne. Mita biyar ba komai ba ce a nan. Idan za a kai mita goma ko a ratsa wuri mai wayoyin wuta da yawa, nemi akwati da amfilifaya masu kafar XLR, wadda ke soke gurnanin da waya ta kwaso.

Doguwar wayar a kafar AUX, LINE ko CD za ta shiga. Idan ka kai ta PHONO, an ninka sigina sau biyu, an yi gyaran RIAA sau biyu, sai ka ji sauti ya kumbura ya farfashe, kuma lasifika na iya cutuwa. Garmaho mai akwati a ciki yawanci yana da ɗan maɓalli a baya: sa shi a LINE, kuma tsawon wayarsa ya fita daga wannan lissafin gaba ɗaya.

"Kusa" ba yana nufin a manne ba. Akwatin da ke da tiransifoma a cikinsa, ko adaftar wutarsa, a nisanta shi da kan allura aƙalla santimita 30.

Mataki na biyar: shimfiɗa waya da wayar ƙasa

Wayar hagu da ta dama su tafi tare a manne, siririyar wayar ƙasa, wadda ke haɗa jikin garmaho da akwatin fono, ma ta bi jikinsu. Idan suka rabu suka bar fili a tsakani, filin nan zobe ne da ke kama maganaɗisun tiransifoma, iya faɗinsa iya gurnani. Kada su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da wayar wuta. Inda dole su haɗu, su gitta juna kamar alamar tarawa. Cajar waya, adaftar kwamfuta, na'urar intanet da maɓallin rage hasken fitila duk a kawar da su daga hanyar. Ragowar waya kada a naɗe ta a ɗora kan amfilifaya, a nan tiransifomar take.

Wayar ƙasa tana ɗaure ne a kusoshin GND na akwatin fono, wurin da wayar sigina ta shiga. Idan ta gaza tsawo, ƙara mata kowace wayar jan ƙarfe, tsawonta ba ya taɓa launin sauti. Kankare bakin har ya yi haske, ka ɗaure tamau. Garmahon Rega ba shi da wannan wayar, domin ƙasansa yana bi ta garkuwar wayar sigina, don haka rashinta a can ba laifi ba ne.

Mataki na shida: gwaji

Kunna komai, allura a sama, injin garmaho a kashe. Ɗaga sauti zuwa inda ka saba saurare, ka zauna a mazauninka. "Shuuu" siriri da sai ka matsa kusa da lasifika kake ji, na akwatin ne, babu laifi. Gurnani mai kauri da santsi maganaɗisun tiransifoma ne: ɗaga wayar ka motsa ta, in ya sauya, hanyarta za ka canza. Zizar da ke da kaifi kamar ta ƙudan zuma, wadda ke raguwa idan ka taɓa hannun garmaho ko kusoshin GND, wayar ƙasa ce ba ta kama ba. Gurnani a gefe ɗaya kawai, musanya fulogin hagu da na dama a bayan akwatin: idan ya koma ɗaya lasifikar, laifin yana waya ko garmaho, in ya tsaya inda yake, yana akwati ko amfilifaya. Ƙwanƙwasa wayar da yatsa, idan ka ji "ɗum" a lasifika robar cikinta tana haifar da caji, a canza ta. Idan kuwa sai injin ya tashi gurnanin ke zuwa, kuma yana ƙaruwa yayin da hannu ke matsawa tsakiyar faifai, kan allurar ne ke kama injin, waya ba ta da hannu a ciki.

Ga launin sauti, zaɓi waƙa ɗaya mai muryar mace da farantan ƙarfe, daga farkon faifai inda tsagin ya fi tsabta. Saurara da tsohon tsari, canza abu ɗaya tak, ka sake saurare ba tare da taɓa maɓallin ƙarfi ba. Mai faifan gwaji da ke hawa daga 20 Hz zuwa 20 kHz zai iya naɗar fitar akwatin a kwamfuta da manhajar Audacity ya duba zanen. Idan tozon yana ƙasa da 12 kHz, rage kamar 50 pF ka sake naɗa, za ka ga ya matsa dama ya kwanta.